Almakashin Maureen Tolvanen

Kafin rana ta leƙo daga bayan duwatsu, Maureen Tolvanen ta riga ta tsoma hannu cikin ruwan sanyi a gidan ƙyanƙyasar kifi na bakin rafinmu. Takan ɗauko ɗan kifin salmon da bai kai yatsa ba, ta datse ɗan fiffiken bayansa na kusa da wutsiya, ta sake shi, ta ɗauko wani. Haka take yi tun gashinta na baƙi. A watan nan ta ajiye almakashi, yatsun sun daina lanƙwasuwa.

Kowa a wannan gaɓa ta tsibirin Vancouver ya san dokar: kifin da ba shi da fiffiken nan na gidan ƙyanƙyasa ne, ka tafi da shi gida. Mai fiffike kuwa haifaffen rafi ne, ka mayar da shi teku. Ke nan duk bandar da muka ci ta bi ta hannun Maureen. Na karance tarihin garin nan kaf, har labarin magadan garin da ba su tsinana komai ba. Babu sunanta a ciki.

Ranar Lahadin da ta biyo baya, ita da mijinta Wendell suka ja ni kamun kifi a teku cikin jirginsu. Tun rasuwar matata Beryl suke min haka, wai kada in ruɓe a ɗaki. Da hantsi sandar fatsar Maureen ta lanƙwashe har ruwa. Matar da ta reni kifi ba adadi ba ta taɓa kama babban da ya isa a ɗauki hoto da shi ba, kuma Wendell bai taɓa barin ta ta manta ba. Ta yi ta ja da yatsun nan marasa lafiya har kifin ya taso gefen jirgi. Ƙato ne. Fiffikensa kuma na nan tsaye.

Wendell ya zaro wuƙa. “Tsohuwa, duk ƙasar nan wa ya fi ki iya datse shi? Ba kowa a nan sai Alistair, shi kuwa ba ya magana da mutane.”

Na ce, “Ina magana. Mutanen ne babu.”

Maureen ta ce, “Kai tsohon banza, na ƙarar da yatsuna don a bar irin wannan ya wuce, yau kuma ni zan ci shi? Miƙo filaya.”

Ta zare ƙugiyar, ta tallafe shi cikin ruwa har ya farfaɗo, ya sulale.

Ba a jima ba muka ji huci. Oka ne, manyan dabbobin tekun nan masu baƙi da fari, uwa da ’ya’yanta, suna bin sawun salmon. Maureen ta sa aka kashe inji, aka naɗe fatsa.

Wendell ya ce, “To, ga masu kifinki sun iso.”

Maureen ta ce, “Su ba su da kanti. Kai kana da shi.”

Maureen, ke ce wadda ba ta yanke a inda ba mai gani. Ba na yawan yabo, Beryl ce shaida da tana nan. Amma na gode, garin nan ma ya gode ko bai sani ba. Masu jirage, in kun ɗago kifi, ku dubi bayansa kamar tana tsaye a kanku.

Ran nan wake na gwangwani muka ci da burodi. Maureen ce ta nemi ƙari.