Takalman Mijin Goggo Ulipika

Goggo Ulipika maƙwabciyata ce, kuma duk garinmu ba wanda ya kai ta iya ɗinka takalmi. Haƙoranta na gaba sun cinye wajen taunar fatar natsik, wata dabbar teku, don ta yi laushi. Mijinta Akumalik ya rasu bara waccan, amma kada ka kuskura ka yi mata jaje. A tsallaken teku, garin da ƙanwarta take aure, an haifi jariri aka raɗa masa sunan marigayin, mu kuwa a wurinmu wanda ya ɗauki suna ya ɗauki mutumin. Goggo ta sake yin miji ke nan, sai dai ba ta taɓa sa shi a ido ba.

Garin ba nisa. In sama ta washe, daga tudun bayan coci ana hango duwatsunsu. In teku ta daskare, babur ɗin ƙanƙara yini guda yake yi, amma ƙugun Goggo ya daina jure jijjiga. Kwalekwale kuma ta rantse ba ta ƙara shiga tun da ruwa ya ci wanta. Saura jirgin sama, shi kuwa ba ya tsallakawa kai tsaye. Sai ya kai ka birni can kudu, ka kwana, ka jira wani ya dawo da kai arewa, ka sauka inda kake hangowa daga bayan coci.

Ta ɗinka wa jaririn takalma 'yan mitsi-mitsi. Ranar tafiya iska ta taso, jirgi bai zo ba. Da ya zo, marasa lafiya suka cika shi. Kafin ta sami kujera, ƙanwar ta bugo waya ta ce yaro ya fara rarrafe, ƙafa ta ƙaru. Goggo ta ajiye takalman a taga, ta yanka sabuwar fata.

Na ce, "Goggo, ki ba matuƙi ya kai mana."

Ta harare ni. "Ka taɓa ganin wani ya ɗaure wa Akumalik igiyar takalmi ba ni ba?"

Timuti mai lodin kaya a filin jirgi ɗan wanta ne, ba ya raga mata.

"Amarya, yau ma ango zai sha zama?"

"Rufe mini baki, ɗan nema. Wane irin jira ne ban yi masa ba in ya tafi farauta? Shi ma ya ɗanɗana."

Da bazara dai ta samu ta tashi, takalma na biyu a cikin rigarta. Ta kwana a birni kan bencin filin jirgi. Jirgi na biyu ya kai su har saman garin, sai ga hazo ya rufe shi ruf. Suka yi ta zagaye. Ta ce sau ɗaya hazon ya yage, ta ga jan rufi da wani kare a ɗaure, daga nan matuƙi ya juya kudu.

Jiya na leƙa ta. Takalma sun jeru a taga, ƙanana da masu bi musu. Tana zaune da fata a baki, waya a kunne, ƙanwar tana auna mata ƙafar yaron da yatsu.

Ta zare fatar ta ce, "Wai har ya fara tafiya. Wannan karon zan ƙara yatsa uku, ko hunturu ya tsare ni."