Motar da Ba Ta da Kati a Gindin Masallacinmu

Da sunan Allah nake farawa, Masanin abin da zukata ke ɓoyewa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, na daɗe ina jinkirin rubuta abin da ya auku a layinmu wata ranar Juma'a, domin ba labari ne da ya fito da ni da kyau ba. Amma shekaru sun ja, kuma wanda ya ɓoye aibinsa ga mutane bai ɓoye shi ga Mahaliccinsa ba.

Bayan na ajiye aiki a ma'aikatar da na yi shekaru ina duba manhajar Larabci, na ci gaba da zama a gidana na Abuja, a wani layi mai ƙofar shiga ɗaya. A ƙarshen layin akwai masallacin da muka gina, wanda daga baya ya zama na Juma'a. Ni ne na'ibin liman, kuma ni ke karantar da fiƙihu bayan La'asar. A shekarun nan gari ya bunƙasa fiye da tunaninmu. Filayen da muka sani da ciyawa suka zama benaye, ofisoshi da shaguna suka kewaye mu, ma'aikatansu kuma suka mayar da layinmu wurin ajiye motocinsu. Wata safiya maƙwabcina mai zuwa wankin ƙoda ya fito ya tarar an toshe masa ƙofa, sai da aka kai hantsi ana neman mai motar daga ofis zuwa ofis. Ana cikin wannan sai ga zamanin tashin bama-bamai, har ya zama mutum ba ya iya wuce motar da bai san mai ita ba sai gabansa ya faɗi.

Shi ya sa ƙungiyar mazauna layin ta kira taro. Shugabanta, wani tsohon darakta da kowa ke kira Ciyaman, ya kawo tsari. Kowane gida zai karɓi katin izini biyu, a ɗora a gilashin gaba. Motar da ba ta da kati ba za ta tsaya a layin ba, sai dai a filin da ke ƙetaren babban titi. Ranar Juma'a kuwa, daga ƙarfe goma sha biyu, masu gadin wani kamfanin tsaro za su karɓi ƙofa daga hannun tsohon maigadinmu, su bi motoci ɗaya bayan ɗaya. Aka tambaye ni ko shari'a ta yarda. Na ce hanya haƙƙin jama'a ce, amma cuta kawar da ita ake yi, kuma mai ƙofa ya fi kowa haƙƙi da gabanta. Na san akwai dattawan da ke zuwa karatu daga nesa waɗanda ƙetare titin nan zai yi wa wuya, akwai masu kawo ruwa da masu kawo kayan miya, babu ɗayansu da aka kira taron. Na ambace su sau ɗaya, Ciyaman ya ce tsaro ne gaba, na yi shiru na sa hannu.

A lokacin idanuna sun raunana, na daina tuƙi. Wani dattijo ɗan kimanin shekara hamsin, ɗan gudun hijira daga arewa maso gabas da ke zaune a unguwar Kuchigoro, shi ke ɗaukata a tsohuwar motarsa. Ran Litinin ya kai ni asibiti, ran Alhamis ya kai ni Kuje inda nake da ɗalibai. Sauran ranaku yana harkar gabansa. Na ba shi katina na biyu na ce: "Ga wannan, saboda ranakun da za ka zo ɗaukata." Ya karɓa da hannu biyu. Mutum ne mai ƙarancin magana. Idan ya dawo da ni yakan tsaya karatu, ya zauna can ƙarshen tabarma, bai taɓa yin tambaya ba.

Ranar da nake ba da labari, na fito gida da sandata ana saura kaɗan a yi kiran farko. Tun daga nesa na ga sahun waje bai shimfiɗu yadda aka saba ba. Mutane sun yi cirko-cirko suna kallon gindin mangwaron da ke jikin katangar masallaci. Wani mai gadin kamfani, wanda Hausa ba harshensa ba ce, ya tare ni.

"Baba, kar ka je can. Akwai mota ɗaya, ba shi da kati. Bayansa ya zauna ƙasa, kuma an rufe wani abu ciki da bargo."

Na ɗaga ido. Duk da raunin ganina na gane ta. Ga jar ledar da aka manne fasasshiyar fitilar baya da ita, ga lotsawar ƙofa wadda nake dafawa idan zan shiga. Bayanta ya yi ƙasa saboda nauyi, gilashin gaba kuwa fayau, babu kati.

Ciyaman ya matso yana share gumi. "Allah gafarta Malam, wannan ba motar mutumin nan naka ba ce?"

A nan ne na yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Na ce: "Ta yi kama da ita."

"Kama ta yi, ko ita ce?"

"Irin waɗannan motoci suna da yawa a gari."

Ban yi ƙarya da lafazi ba, na yi ta da nufi, kuma na san hukuncin hakan fiye da duk wanda ke tsaye a wurin. Tsoro ne ya kama ni, kashi biyu. Ina tsoron abin da ke ƙarƙashin bargon, ina kuma tsoron a ce da katina aka saba wa motar shiga layin. Zuciyata ta shiga raya mini: wata takwas kaɗai ka san shi, daga can ya fito, mutumin da ba ya magana wa ya san cikinsa? Yau ba Litinin ba, ba Alhamis ba, me ya kawo shi?

Ciyaman ya ce in kira shi mu ji inda yake. Na danna lambarsa. Sai muka ji waya na ƙara daga cikin motar.

Ban taɓa ganin firgici irin wannan ba. A lokacin kowa ya ji ana cewa da waya ake tayar da bama-baman nan. Wani ya ƙwala salati, jama'a suka watse, ana tattake tabarmi da takalma, wani tsoho ya faɗi cikin kwalbati. Ni kuwa ban motsa ba. Na tsaya riƙe da wayar, na ma kasa kashe ta, ina maimaita kalmar shahada ina jiran ƙarar da za ta zama ta ƙarshe da zan ji. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse da kanta. Babu abin da ya tashi.

Ana cikin haka sai ga direban nawa ya ɓullo ta lungun masu aski, an yi masa sabon aski, sanye da farar riga. Kowa na gudu daga motar, shi yana nufarta da makulli a hannu, yana waige-waige don bai san abin da ake gudu ba. Wani ya ce: "Ga shi nan!" Kafin in buɗe baki samari sun rufe shi. Na ga an ɗaga katako, na ji saukarsa. Ya faɗi, ya yunƙura, yana kira da karin harshen mutanen arewa maso gabas, wanda a ranar ya ƙara masa laifi a kunnen jama'a:

"Malam! Ku tambayi Malam, ya san ni!"

Idanu suka juyo kaina. Na san idan na sake cewa ya yi kama da shi, ba zai tashi daga wurin ba. Malaman fiƙihu sun ce ba a shaidar nagartar mutum a gaban alƙali sai an zauna kusa da shi, ko an yi hulɗa da shi, ko an yi tafiya tare. Ban taɓa taka gidansa ba. Amma tafiya mun yi ta. Na ga gajiyarsa, na ga yunwarsa, na ga ranar da taya ta fashe mana cikin ruwan sama a hanyar Kuje, ya cire rigarsa ya toshe mini tagar da ba ta rufuwa, ya yi aikin da singileti. Wannan ne iyakar sanina, kuma ban da tabbacin ya isa. Na ɗaga sandata.

"Ku sake shi! Direbana ne, motarsa ce, kuma na gane ta tun ɗazu."

Ciyaman ya dube ni, na kuwa fahimci kallon.

Jami'an tsaron da aka kira suka iso, suka janye shi daga hannun samarin, jini na zuba daga kunnensa na dama har kan farar rigar. Babbansu ya tambaye shi abin da ke cikin motar, ya ce tukwane ne. Wani daga baya ya ce: "Tukwane a masallaci? Miya za a dafa wa liman?" Babu wanda ya yi dariya. Jami'in ya ce kowa ya ja baya can nesa, mai mota ya je ya buɗe shi kaɗai. Na ce zan raka shi.

"Baba, ba dole ba ne."

"Ni na shaide shi. In shaidata ƙarya ce, ni ya kamata ta fara ci."

Kada mai karatu ya ɗauka jarumta ce. Tazarar ba ta wuce taku arba'in ba, amma kowane taku ina jin kamar in juya. Na tuna ban yi sallama da iyalina ba, ita tana kicin na fito. Da ya sa makulli a but ɗin bayan motar sai na runtse ido.

Ƙamshin ƙasa da busasshiyar ciyawa ne ya fara bugun hancina. Tukwanen garin Kwali ne, baƙaƙe da jajaye, an jera su cikin ciyawa don kada su fashe. Ya buɗe ƙofar baya ya yaye bargon, ga randa biyu a kan kujera, wayarsa na tsakaninsu. Ya saro su ne don ya sayar wa matan layin bayan an sauko daga salla. Na dafa motar na zauna a ƙasa.

Ciyaman ya ƙaraso yana haki. "Kai bawan Allah, ina katin da Malam ya ba ka? Da ka ɗora shi ai da duk wannan bai faru ba!"

Ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da shi, naɗe cikin leda. Bai dubi Ciyaman ba, ni ya duba.

"Malam, ai kai ka karantar da mu a babin aro. Ka ce wanda aka ara wa dabba don zuwa wani gari, in ya wuce da ita wani garin ya ci amana. Katin nan ka ce mini saboda ranakun ɗaukarka ne. Yau fataucina na zo, ba aikinka ba. Na gaya wa maigadi da safe, ya ce shiga mana, wa bai san ka ba."

Tsohon maigadin kuwa ya miƙa ƙofa ƙarfe goma sha biyu ya tafi wanka, bai gaya wa kowa ba. Na riƙe katin ina juya shi. Wata takwas yana ƙarshen tabarma, na ɗauka gyangyaɗi yake.

An yi sallar ranar a makare, sahu bai cika ba. Jami'an suka tafi da shi don tambayoyi, na bi su na tsaya masa, aka sake shi kafin Magariba. A taron da ya biyo baya wasu suka ce a karɓe katina, wasu suka ce a hana kowane baƙo shiga ko da ƙafa. A wannan karon ban yi shiru ba. Bayan doguwar muhawara aka yarda da koren kati ga masu hidima da layin, da mai ruwa da mai kayan miya da dattawan karatu, kowanne da sunan mazaunin da ya tsaya masa, kuma a rubuta ranakun a jiki. Ba kowa ya gamsu ba, ma'aikatan ofisoshi har yau suna ƙorafi.

Bayan kwana uku na sa aka kai ni Kuchigoro, karon farko. Na same shi kwance a ɗakin kwano, kai a ɗaure. Na gaya masa abin da na ce wa Ciyaman kafin ya iso, kalma da kalma, na roƙi gafararsa. Ya dube ni ya ce:

"Malam, tsoro ai mun san shi. Shi ya koro mu daga gida. Na yafe."

Ya ci gaba da ɗaukata Litinin da Alhamis har tsawon shekaru, da koren katinsa a gilashi. Amma bai sake sallar Juma'a a masallacinmu ba, ban kuma taɓa tambayarsa dalili ba. Kunnen nan na dama bai ƙara ji sosai ba, kuma shi ne ke wajena idan na zauna gaba. Duk abin da zan faɗa masa a hanya sai na ɗaga murya na maimaita. Allah Ya gafarta mini, Ya saka masa da alheri.