Kunnen Yaya da Ladancin Masallacinmu

Yayana ya fara aiki a wata masaƙa da ke Isolo tun ina koyon ɗinki. A ɗakin injinan saƙa yake, inda mutum ba ya jin ko tarin kansa. Ma'aikatan wurin da hannu suke magana, da kallon leɓe. Idan ya dawo gida Agege kuwa, shi ne ladanin ƙaramin masallacin layinmu. Albashin masaƙa yake ci, amma ladancin nan shi ne ransa. Da a ce masa ya sauka gara a ce ya bar Ikko gaba ɗaya.

Ni na fara lura jinsa ya ragu. Kiran salla ba ya ba shi wahala, muryarsa tana nan garau. Matsalar tana cikin salla, domin a masallacinmu ladan ne ke maimaita kabbarar liman da ƙarfi saboda sahun da ke waje, bakin kwata. A tsaye ko a ruku'u Yaya yana satar kallon liman da gefen ido. A sujada fa? Goshi yana ƙasa, sai kunne. Limaminmu kuma tsoho ne, muryarsa ƙasa-ƙasa. Wata la'asar liman ya ɗago, Yaya bai ji ba. Sahun waje suka daɗe goshi a kan siminti mai zafi, har wani mahauci ya yi gyaran murya.

Tun ranar na koma tsayawa kusa da shi. Liman na yin kabbara sai in taɓa shi da gwiwar hannu. Bai taɓa ce mini komai a kai ba, ni ma ban tayar da zancen ba. Amma sallata ta zama gadi. Ina karatu ina tunanin ranar da mura za ta kwantar da ni, ko mai kaya ya tsare ni a shago.

Ana haka sai masu bincike daga wata jami'a suka zo masaƙar. Wai suna nazarin yadda ƙarar injina ke cin kunnen ma'aikata. Suka sa wa kowa abin ji a kai suka gwada, waɗanda abin nasu ya yi yawa aka ce su je asibitin jami'ar da ɗan rakiya. Yaya ya dawo yana mita.

"Mutanen nan ba su da aikin yi. Kunnena ƙalau yake, kai shaida ne."

"Haka ne, Yaya," na ce, ina kallon ƙasa.

Kafin ranar zuwa asibitin ko abinci ba na jin daɗinsa. Ina so a faɗi gaskiya, kuma ina tsoronta. Har haushin masu binciken na ji. Mu muna lallaɓa abinmu da gwiwar hannu, su sun taso da injinansu za su tone mu.

A asibitin aka shigar da shi wani ɗan ɗaki kamar akwati, mai tagar gilashi. Aka ba shi maɓalli, ya danna duk lokacin da ya ji ƙara. Ina waje kusa da malamar da ke jagorantar binciken, ina ganin hannunta yana murɗa injin. Ta ƙara, ta ƙara, ta sake ƙarawa. Yaya yana zaune cikin farar hularsa yana jira a fara. Ban san lokacin da gwiwar hannuna ta motsa ba, ta daki bango.

Da ya fito malamar ta zaunar da mu. Mace ce mai haƙuri, sai dai akwai takunkumi a fuskarta, ya rufe mata baki. Ta yi bayani da Turanci mai sauƙi, tana haɗawa da Buroka. Ta ce abin da ya tafi ba ya dawowa, amma ana iya kare sauran idan aka canza masa ɗaki ko ya riƙa toshe kunne. Ta ce abin ji na maƙalawa zai ɗan taimaka a kunnen dama, na hagun kuwa sai dai irin na'urar da ake dasawa da tiyata, kuma ba ta yi mana alkawarin komai ba. Na tambaye ta batun ƙaramar murya daga gaba, mutum yana durƙushe. Ta girgiza kai, ta ce kada mu dogara da hakan. Yaya yana ta gyaɗa kai yana cewa madalla. Na yi mamakin ƙarfin zuciyarsa, har na ɗan samu sauƙi.

Sai da muka sauka daga bas ɗin danfo a Agege, muka shiga layinmu, ya riƙo hannun rigata.

"Wai me ta ce?"

Na tsaya a gaban shagon mai shayi, na juyo masa da fuskata sosai, na faɗa masa a hankali yadda zai ga bakina. Ban rage komai ba, har maganar sujada. Na zaci zai yi mini faɗa, da ma ya yi da na fi jin daɗi.

"Gobe da safe ka raka ni wajen Liman," ya ce. "Amma yau ka yi shiru. Bari in yi magaribar nan."

Ya yi alwala ya shiga. Ni na kasa bin sa, na tsaya a bakin ƙofa riƙe da buta. Ya ɗaga murya da kiran salla yadda ya saba, masu nama suka fara rufe tebur, mata suka ja mayafi. Da ya gama ya juyo yana neman fuskata a cikin mutane, ya tambaye ni da hannu ko ya fita daidai.