Tiya Ɗari da Ashirin, Ba Gyara

A shekarun da kuɗin man fetur ya fara shigowa Katsina, kowa na rububin aikin gwamnati kamar ana rabon naman layya, ni ina koyarwa a wata firamare ta cikin gari. Wata Asabar gwaggona ta zo gidanmu, ɗanta na biye da ita yana sunkuyar da kai don kada ƙofar zaure ta buge shi. Bayan mun gama gaisuwa ta ce, "Malam, ga ƙanenka nan. Sau biyu shina hwaɗuwa jarrabawar 'yan sanda. Bana in bai ci ba shekarunshi sun wuce, ba su ƙara ɗaukarshi. Na ɗora maka."

Ta tashi ta bar ni da ƙato.

Tsawo dai Allah ya ba shi, faɗin ƙirji ma haka. Duk lokacin da aka jera masu neman aikin aka auna, shi ke fara wucewa. Takarda ce ke kayar da shi. Kuma ba daƙiƙi ba ne, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Tun yana ɗan shekara goma yake awon hatsi a rumfar mahaifinsa a Babbar Kasuwa, ya kalli buhu ya faɗa maka tiya nawa ke ciki. Sai dai zuciyarsa na kan kakin nan, ba ya ganin ɗan sanda ya wuce bai miƙe tsaye ba.

Muka fara karatu a zaure kullum bayan la'asar. Na soma da abin da na ɗauka ya fi sani. "Buhu ɗaya tiya arba'in. Buhu uku tiya nawa?"

"Ɗari da sha huɗu," in ji shi, ko numfashi bai ja ba.

Na ce ina shida suka shiga? Ya dube ni da tausayi. "Gyara mana, Yaya." Wato ɗan ƙarin nan da mai awo ke zuba wa mai saye da tafin hannu bayan tiya ta cika ta yi tozo. A lissafinsa kowane buhu tiya biyu ke tafiya a gyara. "Wanda duk ya ce ɗari da ashirin, ko bai taɓa awo ba, ko marowaci ne."

Na haɗiye, na koma kan lissafin mota. Tana gudun mil talatin a awa, tafiyar mil casa'in ce, awa nawa za ta yi? Ya ce wa ke tuƙi? Na ce ba ruwanka. Ya ce to da wane lokaci aka tashi, don in azahar ta riske su a hanya ai sai an tsaya.

Tambayoyin gwada hankali su suka kusa sa ni hawan jini. "Duk ɓarayin da aka kama a kasuwa suna da hula. Ga wani mutum da hula. Ɓarawo ne?" Amsar da ake so ita ce hula ba ta isa hujja ba. Shi kuwa sai ya gyara zama ya ce, "Wace irin hula?"

Doka fa? Ya haddace bambancin sata da fashi cikin kwana biyu. Ya san ba a ce wa mutum mai laifi sai alƙali ya ce, ya san ba a ajiye wanda aka kama a ƙi kai shi kotu. Amma da na ce ya kama mutum da akuyar da ba tasa ba, me zai yi, sai ya ce, "Ɗan wane gida ne? In na san ubanshi ai can zan kai shi, a maida akuya, a rufa asiri."

Ranar na karya rula a kan tebur. Na ce, "Kai, saurara! Takarda ba ta san ɗan kowa ba. Doka ba ta gyara. Abin da aka rubuta shi ke nan, ba ƙari ba ragi." Na sa shi yana maimaita wannan kafin kowane darasi, kamar ɗan aji ɗaya. Wata uku muna haka. Ya daina gardama, ya fara ba da amsa daidai, fuskarsa kamar mai shan maɗaci. Sau ɗaya kawai ya ce, "Yaya, ashe aikin babu mutunci cikinshi." Na ce ya fara samun kakin tukuna. Na gaji, ban tsaya na ji abin da yake faɗi ba.

Ya ci jarrabawa. Gwaggo ta aiko mini da zabi biyu, ta yi ta sa albarka. Ya tafi Kaduna horo, ya dawo, aka ajiye shi a Katsina.

A tsakanin nan aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, ni ma na sayi babur kamar kowa. Lasin kuwa kullum gobe. Wata safiya na fito ta Ƙofar 'Yandaka ina sauri, sai ga hannun ɗan sanda a sama. Da na ga ko waye har dariya na yi. Ya rusuna ya gaishe ni, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, da gajiya, da makaranta. Sannan ya miƙe ya ce, "Yaya, lasin."

Na ce, "Kai, ni ne fa."

"Na gani, Yaya. Lasin."

Na rage murya don mutane sun fara taruwa. Na ce ɗalibai na jirana, a yi mini ɗan gyara, gobe in je in yanka. Idanunsa suka yi ja, amma bakinsa bai yi rawa ba. "Abin da aka rubuta shi ke nan, Yaya. Ba ƙari ba ragi."

Shi ya tura babur ɗin da kansa har caji ofis, wai don kada in yi gumi, ina biye da shi da littattafai a hammata. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau in na tuna sai na ji zafin kallon da masu shayi suka yi mini.

Da yamma na kai ƙara wurin gwaggo, na zayyana mata komai. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Malam, ni yaron da na kawo maka ko baƙo bai taɓa bari ya tahi ba gyara ba. Wa ya maishe shi haka?"

Na ɗauki takalmana na koma gida a ƙasa.