Wayar Karnukan Alhaji a Gonar Malam Isiyaku

A da, idan ka bi gonakin arewacin Kano, daga Ungogo har ka ɓulla Bagwai, ba ka ganin katanga sai ta gida. Gona manne take da gona, abin da ya raba su layin gamba ne ko jerin bini-da-zugu, kuma kowa ya san nasa. Mutum zai tsaya gaban mai unguwa ya ce kakansa ne ya dasa wannan gambar, dattawa su gyaɗa kai, magana ta mutu. Yanzu ku bi hanyar ku gani. Bulo ne, da ƙofar ƙarfe, da gargaɗi an rubuta da jan fenti. A gaban idona aka yi ɗaya daga cikin waɗannan, kuma har yau ranar da aka sauke mana kwalayen aikin ba ta fita daga raina ba. Ku da kuke koyon wayarin ya kamata ku ji yadda aka yi.

Na yi aikin lantarki a Jidda, na yi a Tarabulus da Duwala, wani kamfani kuma ya taɓa tura ni kwas Jamus. Na dawo gida na ajiye kayan aiki da niyyar hutawa, sai ga shekarun nan da buhun masara ya gagari mai albashi, mai ya yi tsada, masu kuɗi kuma suka daina kwana da ido biyu a rufe saboda masu satar mutane. Dole na koma. Na shiga wani ƙaramin kamfani mai sa sola da kyamarar tsaro, a matsayin foman. Ga wanda bai sani ba, manaja ne yake karɓo kwangila, foman ya auna ya raba aiki, leburori su haƙa. Manajanmu Kabiru sa'an ɗana ne. Ni aka ba aikin saboda kayan ta Kwatano suka shigo, littafin bayaninsu kuma da Faransanci da Jamusanci yake, babu ko kalmar Turancin Ingilishi.

Abin da ke cikin kwalayen shingen kare ne na lantarki. Ana binne waya siririya a kewaye wuri, a haɗa bakinta biyu da wata na'ura a ɗaki. Sai a ɗaura wa kare wani abin wuya mai batir. Idan ya kusanci wayar abin ya yi ƙara, idan ya matsa gaba ya ja shi da wuta, ba ta kisa ba, ta ladabtarwa. Da haka karen yake koyon tsayawa kamar taku uku kafin wayar. A jikin na'urar akwai wani abin murɗawa da ake ƙara wannan tazarar ko a rage ta. Na ga irinsa a Jamus, a gidan wani Bature da ke bayan gari. Amma can ciyawa ce ake aske ta kamar kan yaro, babu mai saran ƙasar, kuma tsakaninsa da maƙwabci akwai filin da zai ɗauki masallacin unguwa.

Mai gonar wani Alhaji ne ɗan kasuwa daga birni. Ya sayi gonaki ya haɗe su, ya gina gidan hutu a tsakiya, ya kawo manyan karnuka biyu 'yan ƙasar waje da ake dafa wa nama a lokacin da mutanen ƙauyen suke ƙara wa tuwo ruwa. Ba ya son katanga, in ji shi, don tana tare iska kuma ƙauyanci ce. So yake baƙinsa su ga kare ya taho a guje ya ci burki a fili, su yi salati.

Ranar awo na ja igiya daidai kan layin gamba, na yi masa bayani. Yana zaune a mota, gilashi a sauke.

"Tsaya, Baba. Kana nufin karen ba zai kai iyakata ba?"

"Zai tsaya kafin ta, ranka ya daɗe. Haka aka yi abin."

"Wato ɓarawo ya tsaya a cikin gonata, kare yana kallonsa kamar mai jiran sadaka? Ƙasar da na saya? A'a. Ku tura wayar gaba, karen ya zo daidai gamba."

Na ce gaba gonar mutum ce. Ɓangarori uku babu damuwa, hanya ce da rafi da wani filin nasa. Amma ta gabas akwai Malam Isiyaku, dattijon da ya ƙi sayarwa duk da yawan dillalan da aka tura masa. Gonar ba ta da girma. Arzikinta wata ɗorawa ce da ke ɗan nesa kaɗan da gambar, ta ɓangarensa. Matarsa Inna Hure da kalwarta take daddawa, a waɗannan shekarun kuma daddawar nan ce gishirin gidan da sabulunsu. Idan aka tura wayar yadda Alhaji yake so, bishiyar za ta faɗa tsakanin gamba da waya.

Kabiru ya ja ni gefe. "Baba, don Allah kada ka ɓata mana. Waya ce a ƙarƙashin ƙasa, wa zai gan ta?"

"Garma za ta gan ta. Littafin ya ce kada zurfin ya wuce tafin hannu, in ba haka ba abin wuyan ba zai ji ta ba. Ranar huɗa fa?"

"Damina da sauranta. Kafin nan mun tashi daga nan."

Wannan amsar ita ce dukkan ilimin kwangila a ƙasar nan. Na ji ta da Larabci a Tarabulus, na ji ta da Faransanci a Duwala, amma a can akwai sufeto da ake tsoro.

Muna cikin haƙa Malam Isiyaku ya iso da sandarsa, ya yi sallama, ya leƙa ramin.

"Malam, me ake binnewa haka siriri? Ba dai asiri ba?"

Na ce masa katanga ce wadda ba a gani.

"Ikon Allah. Shi karen yana ganinta?"

"Shi ma ba ya gani. A wuya yake ji."

"To mu da ba mu da abin wuya fa?"

"Ku babu ruwanku da ita."

"Madalla. To abin da babu ruwana da shi, me ya kawo shi gonata?"

Kabiru ya durƙusa kamar mai gaida suruki. "Baba, aro ne kawai. Ba za ta ci maka ko zangarniya ɗaya ba. Kare ba zai wuce gamba ba, kai ma ka sami gadi kyauta." Na ƙara da cewa ba ta da zurfi, ya kula da ita ranar huɗa. Rani ne, gona fayau, awaki da mutane suna ratsawa yadda suka saba. A wurin mutanen nan ba a hana maƙwabci ratse, kuma abin kunya ne dattijo ya tsaya jayayya a kan abin da bai kai kaurin igiyar guga ba. Malam Isiyaku ya ce, "Maƙwabci ne. Ku wuce." Babu takarda, babu shaida. Bai ga dalilinsu ba.

Sai aka zo horo. Ƙa'ida ita ce a kafa ƙananan tutoci, mutum ya riƙe kare da igiya ya riƙa zagayawa da shi kullum, ya ja shi baya idan ƙara ta tashi, ya shafa kansa ya ba shi ɗan nama. Nan aka nemi mai yi aka rasa. Ɗanladi maigadi ya ce, "Ni gadi aka ɗauke ni, ba renon kare ba. Ya lashe ni, da wace rigar zan yi salla?" Direba ya ce yana da ciwon baya. Shi kansa Alhaji bai taɓa taɓa karnukansa ba, ta taga yake yaba su. Baturen Jamus kuwa a kujera ɗaya yake zama da nasa. Ban ce wannan hankali ba ne, amma don irinsa aka ƙera kayan. A ƙarshe sakin su aka yi wuta ta koya musu. Sun yi kwanaki suna kuka, daga baya suka gane. Baƙi suka zo suka yi salati kamar yadda aka so.

Ruwan shuka ya sauka, gero ya fito, aka shiga huɗa. Malam Isiyaku ya yi wa gonarsa kunyoyi kamar yadda yake yi tun kafin a haifi Kabiru, garma ta datse waya. Na'ura ta hau ƙara a ɗakin da babu kowa. Kafin azahar karnukan sun fita, sun kashe tunkiyar wani, sun kori mata daga bakin rijiya. Aka kira mu da gaggawa.

Washegari aka zauna a zauren mai unguwa, wanda fitilar solarsa mu muka sa ta bisa umarnin Alhaji. Alhaji bai zo ba, ya aiko Kabiru da saƙon cewa an yi masa ɓarna da gangan, kuma idan aka sake 'yan sanda ne za su yi magana. Mai unguwa ya tambaye ni inda wayar take. Na ce, "Ranka ya daɗe, a cikin gonar Malam take, kuma aro aka ce." Ya gyaɗa kai kamar na gaya masa farashin gyaɗa.

"Yanzu dai maganar rayukan yara ake," in ji shi. "Idan wayar nan ta sake tsinkewa kare ya cafke wani fa? Malam, haƙuri za ka yi. Daga wayar zuwa gamba a daina sa garma. A kafa alama don kada a yi kuskure."

"Ranka ya daɗe, gonata ce. Na yi huɗa a gonata shi ne laifin?"

"Babu wanda ya ce ba taka ba ce."

"To ɗorawar fa?"

"Ɗorawa taka ce, Malam. Wa zai hana ka ɗorawarka?"

Na ba da shawarar a mayar da wayar kan gamba, aikin yini ɗaya ne. Kabiru ya ce wannan sabuwar kwangila ce, sai an tambayi Alhaji. Ba a taɓa tambayarsa ba. Muka haɗa wayar. Alamar da aka kawo kuwa ba tuta ba ce, turakun siminti ne irin waɗanda masu awon filaye suke kafawa. Kafin mu tafi Alhaji ya bugo ya ce tunda tsohon nan ya nuna halinsa, a matso da karnukan dab da wayar. Kabiru ya murɗa abin murɗawar da kansa. Daga ranar inuwar ɗorawa ta zama wurin hutun karnuka.

Da bazara ta zagayo ɗorawa ta nuna, Inna Hure ta zo da ƙugiyarta da kwando ta tsaya a bakin turaku. Ɗanladi ne ya ba ni labari. Ta roƙe shi ya ɗaure karnukan, ya ce wallahi shi ma tsoronsu yake ji. Ta ce, "To kai gadin me kake yi, ɗan nan?" Ya ce, "Inna, gadin kaina." Ta koma da kwando babu komai. Ɗorawar ta zube a ƙasa gara ta cinye.

Abin bai yi ƙarko ba. Batirin abin wuya ya ƙare, aka duba Kano kaf babu irinsa. Kaska da zafi suka kashe kare ɗaya, aka kyautar da ɗayan. Sai Alhaji ya gano cewa katanga ba ƙauyanci ba ce. Magina suka zo suka tambayi iyaka, aka nuna musu turakun siminti, suka ɗora bulo a kai. Leburori suka tumɓuke gambar saboda macizai. Malam Isiyaku ya kai kuka wurin dagaci, aka ce turakun nan da saninsa aka kafa su a gaban mai unguwa, sun kuma ci damina bai ce komai ba. Gambar da zai nuna a matsayin shaida an riga an ƙone ta.

Ni aka sake turawa in sa fitilu a kan katangar. Ina kan tsani Malam Isiyaku ya zo ya tsaya a ƙasa ta ɓangarensa.

"Malam mai waya, sannu da aiki. Wannan dai ana ganinta."

"Ana gani, Malam."

"Waccan ta ƙasa fa, an gama da aron? In an gama a dawo mini da wurin."

Na ce wayar tana nan a ƙarƙashin ginin, ba ta aikin komai. Ya ɗaga kai ya dubi rassan da suka leƙo ta saman bulo, ya ce in gaida manaja, ya tafi.

Abin da na ɗauka daga wannan aikin shi ne, a sana'armu babu aikin da ya fi wanda ake binnewa haɗari, kuma ba wutar nake nufi ba. Mai kuɗi yana sayen kayan da aka ƙera don wata ƙasa da wasu mutane, manaja yana ƙirga lokacin tashinsa, mai unguwa yana duban fitilarsa. Kafin ku sa diga a ƙasa ku tambayi mai ita, ku tambayi abin da yake yi da ita da damina, kuma idan an ce aro ne a kira shaidu a faɗi ranar mayarwa. Gonar Malam Isiyaku ta ragu ta yamma har abada, ɗorawar tana cikin gidan hutun Alhaji, Inna Hure kuma ta daina yin daddawa.