Cirilo da Kafofin Gada

Ni da Cirilo Maldonado mun shekara talatin da ɗaya muna gyaran tsohuwar hanyar sojoji, tsakanin Cayey da Aibonito. Gida ɗaya hukuma ta ba mu a bakin hanya, an raba shi biyu, shi da iyalinsa gabas, ni yamma. Kowa da yankinsa. Akwai wata gadar dutse a gangare, ita tana cikin nasa yankin.

Mutum ne gajere, marar yawan magana, sai dai in a kan gada ne. A jikin bangon da ya tare tudu, hagu da dama, magina na zamanin mulkin Sifaniyawa sun bar kafofi tara kamar indararo, don ruwan da ƙasa ta sha ya samu mafita. Kafin kowace damina Cirilo zai sauka da adda da dogon ƙarfe, ya zaƙulo laka da saiwa da gidan ƙadangare. Matarsa Eduviges takan ce, "Kunnenka ma ba ka sosa shi haka, malam."

"Kunnena in ya toshe ba ya kashe kowa," in ji shi.

Da aka sallame mu, aka ce yanzu mota ce za ta riƙa kawo ma'aikata daga gari, bai daina sauka ba. Gwiwa ta fara ciwo, Eduviges ta rasu, bai daina ba.

Wata shekara ma'aikatan suka zo gyara. Suka ga ramuka a bango, suka ɗauka tsufa ne, suka cike su da siminti, suka shafe sumul, har da farin fenti. Cirilo ya bi shugabansu har mota yana bayani. Mutumin ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Baba, je ka huta, ka yi naka."

Washegari ina shan kofi sai ga Cirilo da guduma biyu.

"Nemesio, tashi."

"Ina za ni? Ni da ko takalmina sai na zauna nake sawa?"

"To ka zauna ka fasa. Ai bakinka bai tsufa ba, hannun ne kawai ya koyi lalaci."

Muka sauka. Watan Agusta ya kusa, hadari na ta taruwa a kan duwatsu. Simintin ya yi tauri, mu kuwa mun yi laushi. Kafa ɗaya takan ci mana kwana biyu. In mun fasa, sai baƙin ruwa mai wari ya tsarto mana a ƙirji, Cirilo ya ce, "Ka gani? Da duk wannan a cikinta zai kwana." Mu ci dafaffiyar ayaba da busasshen kifi a kan dutse, mu koma.

Mun buɗe biyar na hagu. Ranar da za mu haye dama, ya sunkuya ɗaukar guduma, ya kasa miƙewa. Sai da na tsayar da wani mai motar kaya muka cicciɓo shi zuwa hanya. 'Yarsa Amparo ta zo ta tafi da shi Caguas. Ni kaɗai na gwada ta shida, hannuna ya ƙi. Na je ofis sau biyu na faɗa, aka ce an ji.

Ruwa ya sauka kwana huɗu ba tsayawa. A na biyar bangon dama ya kumbura ya zube cikin rafi, ya ja rabin hanya. Allah ya sa ba kowa a kai.

Na hau mota na je Caguas na sami Cirilo a kujera, an lulluɓe masa ƙafafu. Ban san ta inda zan fara ba, sai shi ya riga ni.

"Wane gefe?"

"Dama."

"Hagu fa?"

"Yana nan, ko tsagewa bai yi ba."

 Sai ya ce, "Da mun fara da wuri da mako ɗaya."

Amparo ta kawo kofi. Na sha nawa, nasa ya huce a gefensa, na tashi don kada motar yamma ta wuce ni.