Layuka huɗun da na ƙara wa Ladi

Yau shekara uku ke nan da rasuwar Goggo Asabe, ƙanwar babana, malamar wasanni a makarantarmu. Akwai abin da ban faɗa mata ba har ta koma ga Allah.

Goggo ba ta damu da wadda ta ci ƙwallo ba. Abin da take so ta sani shi ne ko 'yan ƙwallon hannunta bakwai suna wasa tare. Sai ta rubuta sunayensu a kewaye a kan takarda, duk wadda ta jefa wa wata a ja layi tsakaninsu. Ni ta ba wa fensir. Ta ce, "Ke ba kya magana, amma kina gani. Ni ƙwallo ke ɗauke min ido."

Wata Laraba takardar ta cika da layuka, amma sunan Ladi, baƙuwar da ke zuwa daga Miri a kan babur ɗin yayanta, yana tsaye fes. Sau tara na ga ta ɗaga hannu. Zainab, kyaftin ɗinmu, ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Ke dai kin san hanyarmu ɗaya zuwa Ƙofar Wambai."

Na gane kashedi ne. Na ƙara wa Ladi layi huɗu.

Goggo ta daɗe tana duban takardar, sannan ta ce, "Ashe ana ba ta, ita ce ba ta yin komai da ita." Ta cire Ladi daga wasan makarantu. Ko tambayata ba ta yi ba, don ta yarda da ni.

Yanzu sabon malami da waya yake ɗaukar wasa, a koma baya a ƙirga komai. Nakan ce da Goggo ta ga wannan da ta yi murna. Wataƙila kuma ta ce waya ba ta jin tsoron Zainab, shi ke nan abin da ta fi ni.

Makon jiya na sami Ladi a bakin famfo na faɗa mata, kaina a ƙasa. Ta rufe gorarta ta ce, "Ai na sani, ina cikin filin. Malama ce ba ta sani ba."

Har gobe ana zana kewayen Goggo a makarantarmu, 'yan aji ɗaya ma sun iya. Ni duk takardar da na gani, sunan da babu layi nake fara nema. Allah Ya jiƙanki, Goggo. Ba a ba wa Ladi ƙwallon ba ko sau ɗaya.